Tarin Itace a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Tara itacen girki da killace shi tsohon aiki ne a gidajen Talata Mafara da Bakura da Maradun, ƙasashe uku masu maƙwabtaka da juna a kwarin Gulbin Sakkwato, yammacin Jihar Zamfara. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙananan hukumomin uku sun haura dubu 600 a haɗe, kuma har yau mafi yawansu da itace da kara suke girki, su dafa ruwan wanka, su ji ɗumi. Saboda haka da wuya a shiga gidan da ba a ware wa itace wani lungu ba, ko bayan madafa, ko gindin katanga, ko ƙarƙashin rumfa. Yadda ake jera shi da rufe shi bai sake sosai ba tun zamanin kakanni, domin ruwa da gara da gobara ba su sake hali ba. Inda ake samo shi, da wanda ke ɗauko shi, da mai ikon cewa a sara ko kada a sara, su ne suka yi ta juyawa.

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka sanyi da jiƙa tare suke zuwa, shi ya sa tari ɗaya ake yi, a rufe shi kafin ƙanƙara ta sauka. A Zamfara kowanne da lokacinsa. Damina, daga wajen Yuni zuwa ƙarshen Satumba, tana jiƙa itace amma ba ta zuwa da sanyin da zai sa a kwana da wuta. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana kawo ɗarin da kan hana tsofaffi fita sallar asuba sai da bargo, amma iskarsa busasshiya ce, ko ɗanyen reshe aka yar a fili ba ya daɗewa zai bushe ƙayau. Don haka tanadin ya kasu biyu. Na damina rufi yake bukata. Na hunturu yawa yake bukata, da kuma nisa daga tartsatsi.

Tarin damina da bazara ake yinsa, tsakanin Maris da Mayu. Da zarar ruwan shuka ya sauka babu mai sauran lokacin zuwa daji: maza da yara suna gona, ciyawa ta rufe hanyoyi, rafuka sun kawo, abin da ke kwance a ƙasa kuma ya sha ruwa. Bazara kuma ita ce lokacin sassabe, sa'ad da manomi ke sare tohon sabara da kalgo da geza da suka fito a gonarsa tun bara. Akan bar su 'yan kwanaki a rana ganye ya kakkaɓe, a ƙone ƙaya da tarkace a cikin gonar, a ɗaure sandunan dami-dami a kai gida a ka ko a bisa jaki. Magidancin da ya yi sakaci har marka ta kama a watan Agusta, ko dai ya sayi itace da tsada, ko matarsa ta yini tana fifita jiƙaƙƙen itace, ido na zubar da hawaye, tuwon dare ya kai bayan lisha bai sauka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tarin hunturu kuwa kaka yake bi. Bayan an girbe gero, daga baya kuma dawa, sai a kwashe kara, a haɗa da 'yan gumagumai da aka samu, waɗanda za su riƙe wuta tsawon dare.

Ba kowane itace ya cancanci wahalar tarawa ba. Marke ne kan gaba wajen masu girki, domin yana da nauyi, yana ci a hankali, hayaƙinsa kaɗan ne, garwashinsa kuma yana daɗewa. Ƙirya ta fi shi tauri, gara ma ba ta cika damunta ba, sai dai faskara ta jan aiki ne, kuma tun can maƙera da masassaƙa sun riga masu girki neman ta, waɗancan don gawayi, waɗannan don turmi da taɓarya. Taramniya da bagaruwa da aduwa suna biye. Sabara da geza da kalgo sirara ne, na girkin gaggawa da kama wuta. Kuka ba ta shiga lissafi, saboda jikinta laushi ne mai riƙe ruwa. Tumfafiya kuwa sai babu, ba ta da nauyi kuma nan da nan take cinyewa. Akwai kuma itatuwan da al'ada ta kare tun kafin doka ta zo: ɗorawa, tsamiya, kaɗanya da gawo, waɗanda ke tsaye cikin gonaki. Ba a kayar da su don murhu. Abin da ake samu daga gare su shi ne reshen da ya mutu da kansa, ko wanda makiyayi ya sare wa dabbobinsa da rani suka cinye ganyen suka bar sandar. Itacen gona yana da mai shi, na daji ba shi da, kuma a kan wannan bambanci ne yawancin rigingimun baya suka taso.

Jerin kansa yana da ƙa'ida, ko da yake ba a rubuce take ba. Ba a ɗora itace a kan ƙasa tsirara. Akan fara jera duwatsu ko fasassun tubala, ko a kwantar da gungume biyu masu tauri, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin itacen da ƙasa. Wannan tazara tana barin iska ta ratsa, tana hana kwararar ruwan tsakar gida taɓa shi, kuma tana sa a ga ginin gara tun yana siriri a kankare shi. Wasu sukan barbaɗa toka a wurin. Gumagumai su ne a ƙasa, faskararre a tsakiya, ƙirare a sama inda hannu zai kai da duhun asuba. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai ruwan ya ragu zuwa wajen kashi 20 cikin 100. Gungumen da aka bari da ɓawonsa yana iya cinye damina guda cikinsa na ɗanye, shi ya sa ake kiran mai faskare kafin a jera, ba bayan an jera ba.

Wurin da ake zaɓa ma ba kara-zube ba ne. Hadari a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, saboda haka mai lura yakan jingina tarinsa a yammacin ɗaki ko katanga, inda ginin zai tare masa feshi. Akan ɗan karkatar da saman tarin don ruwa ya gangara, a rufe, a danne rufin da duwatsu ko gungume, musamman ta gefen gabas. Sama kawai ake rufewa. Idan aka naɗe tarin ko'ina, sai ya yi gumi, ya yi fumfuna, ya zama gidan gara. Ko an yi komai daidai, tarin itace mafakar kunama ce da maciji da ɓera. Matan da suka saba sukan buga shi da sanda kafin su sa hannu, su zaro daga sama, kuma ba sa aiken yaro ya ɗebo da dare ba fitila.

Abin rufi a da shi ne duk abin da ya gama aikinsa a wani wuri. Bunun da aka sauke daga tsohuwar jinka, zanar da ta fara zubewa, tabarmar kaba da ta huje, duk a kan itace suke ƙarasa rayuwarsu, daga nan su ma su shiga murhu. Kwano ya shigo daga baya, kuma tsohon falle mai tsatsa ya zama rufin da aka fi so a gari. Da takin zamani ya yawaita daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Gusau da tallafin Bankin Duniya, sai buhunan taki da aka farke aka ɗinke suka samu shiga. Baƙar leda da tamfol su ne na baya-bayan nan. Leda ta fi zana tare ruwa, amma zana tana barin itace ya sha iska, kuma rana ba ta farfasa ta cikin wata biyu. A wajen busar da itace tsohuwar dabarar ba ta gaza sabuwar ba.

Kara da nasa tsarin. Ba a kwantar da shi, don gara za ta cinye shi cikin 'yan makonni. Tsaye ake jingina damman, gindi a ƙasa kawuna a haɗe a sama kamar jinkar ɗaki, ko a kewaye gindin bishiya da su, ko a ɗora bisa rumfa inda awaki ba za su kai ba. Masu neman kara suna da yawa: dabbobi suna son ganyensa, ana darni da shi, ana gado da shi, ƙasa ma tana bukatar a bar mata wani abu. Murhu yakan samu na ƙarshe, wato tsohon darnin da aka cire da bazara za a sa sabo. Haɗarinsa gobara. Da hunturu, iska na kaɗawa, komai ya bushe, tartsatsi ɗaya daga wutar jin ɗumi ya isa ya kama tarin kara, daga nan ya haye jinka, ya ci rumbuna, ya lashe shiyya guda kafin a ɗebo ruwa daga rijiya. Wannan ne ya sa manoma da yawa suke barin babban tarin a bayan gari, suna ɗebo na kwana biyu ko uku.

Akwai tarin da ya fi na girkin yau da kullum girma da daraja, wato itacen jego. Mai jego tana wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, wasu ma su zarce, ana dama mata kunun kanwa, a da kuma takan kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kowane wanka babbar tukunya ce, daga baya rabin duro, kuma ƙirare ba sa tafasa ta, sai gumagumai. Nauyin kawo su a kan miji yake. Yakan fara tarawa tun ciki ya tsufa, kuma idan lissafi ya nuna haihuwar za ta faɗo cikin damina, dole tun bazara ya gama ya rufe. Tarin a bainar jama'a yake, dangin matar da suka zo barka suna ganinsa, kuma da shi ake auna ƙoƙarin mutum ba tare da an ce uffan ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da haɗuwar zafin nan da kanwa. Gadon ƙasa ya ja baya ƙwarai tun daga lokacin, amma wankan yana nan, itacensa ma yana nan.

Makarantar allo ita ma tana da nata tarin. Kafin fitilar ƙwai da tocila, da hasken wuta ake karatun dare da na asuba, almajirai ne kuma ke fita su ɗebo kara da ƙirare, kowa da rabonsa. Da hunturu wutar tana aiki biyu, haske da ɗumi. Sai masu sana'a: mai daddawa da ke dafa kalwa yini da kwana, mai ƙuli-ƙuli, mai tsire, mai bandar kifi a bakin gulbi da Tafkin Natu na ƙasar Bakura, maginar tukwane da ke gashi da kara da ciyawa da kandilo. Waɗannan tun da can ba sa dogara da tsintuwa, saye suke yi su ajiye.

A ƙarni na 19, ƙarƙashin Daular Sakkwato, ƙasashen Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun suna cikin yankin da ke kusa da cibiyar mulki, kuma hukuncin daji a littattafan Malikiyya yake. Muhtasar na Halil, wanda alƙalai ke aiki da shi, ya sa wurin yin itace da wurin kiwo cikin hurumin gari, ya kuma iyakance shi da nisan da mutum zai je da safe ya komo da yamma. Ba wanda ke da ikon mallake wannan fili shi kaɗai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi wani ɗan littafi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da hanyoyin mallakarta. Ma'aunin tafiyar yini ɗaya ya dace da zamanin, domin ƙafa da jaki ne abin ɗauka.

Itace bai yi ƙaranci a wancan lokaci ba. Isa gare shi ne wuya. Mutane suna cikin ganuwa, hare-haren Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ba su yanke ba, kuma mai yin itace shi kaɗai a daji ganima ce ga duk wanda ya same shi. Saboda haka ƙungiya-ƙungiya ake fita, a dawo da rana tsaka. A arewa da waɗannan garuruwa akwai Dajin Gundumi, wanda Baturen nan matafiyi Clapperton ya ratsa a 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wani Baturen matafiyi, Barth, ya bi ta cikinsa a 1853, ayarinsa ya yi tafiyar wajen awa 26 ba zango saboda tsoron mahara. Yaƙi ne ya tsare irin waɗannan dazuzzuka, ba dokar kowa ba. A gidajen masu hali bayi ne ke yin itace, a gidajen talakawa kuwa mata da yara.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, abubuwa biyu suka taɓa tarin itace. Na farko, bauta ta soma gushewa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya lura cewa matan da suka fita daga bauta sun janye daga noma da yin itace, domin waɗannan ayyuka su ne alamar baiwa, zaman kulle kuma alamar 'ya. Yayin da kulle ya bazu, kawo itace da ruwa ya koma wuyan miji kamar yadda shari'a ta tanada, wanda ba ya iya zuwa da kansa kuma sai ya saya. Ta haka itace ya zama hajar kasuwa sosai. Masu jakai da matan ƙauye da na rugage suna shigowa da shi gari, musamman ranar Talata da kasuwar Mafara ke ci. Na biyu, hanya ta yi lafiya. Mutane suka fita daga ganuwa suka kafa tungaye, aka sare daji aka shuka auduga da gyaɗa, jirgin ƙasa ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. Sayar da itace da rani ya zama ɗaya daga hanyoyin da talaka ke haɗa kuɗin haraji.

A nan ne hukuma ta shigo tsakanin mutum da bishiya. Dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta maye gurbinta a 1937, sun ba da damar keɓe dazuzzuka da kare wasu irin itatuwa, aka kuma ɗora aikin a kan En'e. Malamin daji ya zama sananne a kowace gunduma, da takardar izini da tara. Tsoron hamada ya ƙara wa abin ƙarfi. Wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya zagaya arewa a 1934 ya yi kashedin cewa Sahara na tahowa kudu. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937 bai ga hamadar na tafiya yadda ya faɗa ba, amma maganar ta riga ta zauna. Dokar ta tsare wasu dazuzzuka na ɗan lokaci. Ta kuma haifar da abin da ba a nufa ba: manomin da ya san za a iya cin tararsa a kan bishiyar da ke cikin gonarsa ba shi da dalilin barin sabon toho ya girma. Abin alherin da zamanin ya bari shi ne dogon yaro, wanda aka fara shukawa a Borno a 1928 ya bazu zuwa lardin Sakkwato, a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu. Yana jure sara, yana sake tohowa, kuma a yau rassansa suna da kaso mai yawa a tarin itacen cikin gari.

Mota ce ta rushe ma'aunin tafiyar yini. Da titin Gusau zuwa Sakkwato, wanda ya ratsa Talata Mafara, ya samu kwalta, sai tsibin itace ya bayyana a bakin hanya, ƙauyawa suna jerawa, manyan motoci suna kwasa zuwa birane. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa da yawa, sun kuma tura waɗanda amfanin gonarsu ya ƙone zuwa daji da gatari. Wani bincike da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka yi a Kano, aka buga a 1990, ya nuna abin da mutane da yawa ba su zata ba: itatuwan da ke cikin gonakin kewayen birnin ba raguwa suke ba, domin masu su suna tattalinsu, itacen da birnin ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa motoci ke kawo shi. Ma'ana, dajin da ba shi da mai shi ne ke biyan bukatar birni, kuma ƙasa irin ta Maradun, mai faɗin daji, tana cikin masu biya.

Babu abin da ya taɓa itatuwan wannan yanki a lokaci ɗaya kamar madatsar ruwa ta Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara aikin a tsakiyar shekarun 1970, aka gama madatsar a 1978. Tafkin, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya shanye wajen hekta 8,000 na ƙasar Maradun, gonaki da ƙauyuka da itatuwansu, aka tayar da dubban mutane. A ƙasan madatsar kuma aka shiga baje fili fiye da hekta 20,000 don noman rani, a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Baje fili da haƙa magudanai ba sa yiwuwa da bishiya a tsaye, saboda haka katafila ta tumɓuke ɗorawa da tsamiya da sauran itatuwan gona da aka gada. Diyyar gonaki da ta itatuwa masu amfani tana cikin manyan koke-koken manoma, waɗanda suka tare hanyoyin aikin. A ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka far musu a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, wasu masu bincike sun ce sun haura 380.

Ta fuskar makamashi, aikin ya bar fili mai faɗi wanda babu sassabe a cikinsa, babu reshen da zai faɗo, kuma amfanin da aka fi nomawa, shinkafa, ba ta barin kara mai riƙe wuta. A lokaci guda ya ƙara bukata, domin turara shinkafa kafin a kai ta inji sana'ar mata ce babba a Mafara da Bakura, kuma kowane duro sai an tafasa shi. Masu wannan sana'a suna cikin manyan masu tara itace a yau, suna haɗawa da ɓuntun shinkafa don rage kashe kuɗi.

Kananzir ya ɗan sauƙaƙa wa ma'aikata da 'yan kasuwa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da risho ya shiga gidaje. Bai daɗe ba. Ƙarancin mai na shekarun 1990 ya haifar da murhun da ake dannawa da garin katako, wanda jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha. An janye tallafin kananzir a 2016, na fetur kuma a Mayu 2023, abin da ya ɗaga kuɗin dakon itacen kansa. Gas bai wuce gidajen masu albashi ba. Gawayi ne ya samu kasuwa, saboda ba ya hayaƙi, ba ya cin wuri, gara ba ta cinsa, buhu kawai yake bukata da inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Sauƙin ajiyarsa a gida daji ne ke biyansa, tun da buhu ɗaya yana cinye itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Yana da wani haɗarin kuma da hunturu: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe masu barci.

Daga wajen 2011 matsalar 'yan bindiga ta maido da yanayin da Barth ya tarar. Dazuzzukan Sububu da Bayan Ruwa da Gundumi sun zama mafakarsu, masu yin itace da masu gawayi kuma suna cikin waɗanda suka fi faɗawa hannunsu, tun da sana'ar ba ta yiwuwa sai an shiga ciki. A 2021, shekarar da aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙasar Mafara, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, maƙwabciyarta Katsina kuma ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Nauyin ya dawo kan abin da ke kusa da gari: dogon yaron bakin hanya, kututturen da ake tonowa har saiwa, da karan da ake kwashewa ƙaf ba a bar wa gona komai ba. Garuruwan kuma sun cika da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, mutanen da a da suke tara itacen shekara kyauta, yanzu suna sayen kashi ɗaya na girkin dare. Babban tari mai rufi ya koma hannun dillalai da masu gidan burodi da masu turara shinkafa da makarantun kwana, waɗanda ke da kuɗin saye da bazara su ajiye, dillalan kuma su fitar da shi lokacin marka da tsakiyar ɗari, sa'ad da farashi ya fi tashi.

Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, kuma aikinsa ya fi karkata ga raba dashe da kafa shingayen itatuwa. Wata hanyar ta fito daga ƙasar Maraɗi tun 1983, inda manoma suke kiranta sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ke kan kututture, sai a zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a rage sauran, a riƙa yi musu aski kowace bazara. Abin da aka aske shi ne itacen damina, wanda aka bari kuma cikin 'yan shekaru ya zama sandar gini ko gungume. An ƙiyasta cewa hanyar ta maido da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma ta yi ƙarfi ne bayan da aka sassauta wa manoma ikon malaman daji a kan itatuwan gonakinsu. Sabara da kalgo da geza da gawo da ake wannan aiki da su a can, su ne dai ke tohowa a gonakin tudu na Mafara da Bakura da Maradun.